Yadda Ake Fatsa a Tsakiyar Teku Kusa da Tsibirai: Karatun Ruwa, Saita Birki da Adana Kifi

Wanda ya saba jefa ƙugiya a gulbin Rima, ko dam ɗin Goronyo, ko tafkin Kware, ya riga ya mallaki haƙuri da ido, kuma teku tana neman su duka biyun. Matsalar tana ga hannu. Ruwan gulbi yana koya wa mutum ya damƙe zare ya ja, ya fizgi sanda da ƙarfi da zarar ya ji ci, ya kuma jibge kifi a ƙasan kwale-kwale har yamma tunda za a yi banda. A teku na farko yana yanke yatsa, na biyu yana tsinka zare, na uku yana kwantar da mutane a asibiti. Giwan ruwan da ya ci gasar Argungu a 2005 kilo 75 ne, mutane suka yi ta mamaki. Shuɗin malin, wani ƙaton kifin teku mai dogon baki kamar mashi, da aka kama da sanda a gabar Brazil a 1992 kilo 636 ne. Kifi irin wannan ba ƙarfin damtse ke kawo shi ba, shirin da aka yi tun jirgi yana ɗaure ne.

Ina za a nufa, kuma a wane wata

Abin da ya sa tsibirai suka yi fice shi ne zurfi yana kusa. Yawancinsu kawunan duwatsu ne da suka taso daga ƙasan teku, don haka tafiyar rabin awa ko awa ɗaya ta isa a kai ruwa mai zurfin ɗaruruwan mitoci, inda manyan kifaye ke kiwo.

Uku ne suka fi dacewa da mai tasowa daga Sakkwato. Ƙasar tsibiran Kef Bade tana yamma da Senegal da kimanin kilomita 570, tana cikin ECOWAS, kuma malin yana cika ruwan Sao Bisente, ɗaya daga cikin tsibiranta, daga wajen Afrilu zuwa Yuli, wato daga tsakiyar bazararmu zuwa faɗuwar damina. Kada a je ta da hunturu: iska tana da ƙarfi, ƙurar da muke sha a nan ma tana kaiwa can ta rufe gani. Sao Tome da Firinsife suna Tekun Gini, malin ɗinsu daga Yuli zuwa Satumba ne. Duka biyun Fotugis ake ji. Sai mashigin Pemba, arewa da Zanzibar a gabar Tanzaniya, inda iskar arewa maso gabas da ake kira kaskazi ke kaɗawa daga wajen Disamba zuwa Maris, lokacin malin da kifin tuta (ɗan uwan malin mai faffaɗan fiffike a gadon baya) ke nan, kifin tuna kuma ya fi yawa daga Agusta zuwa Oktoba. A ganinmu mai zuwa karon farko ya fara da nan. Mutanen wurin Musulmi ne, ba ka da fargabar abinci ko neman masallaci, kuma ko malin bai fito ba, da wuya a rasa dorado (kifi mai launin kore da zinariya) ko tuna. Ko'ina za ka, riƙe katin rigakafin shawara.

Kafin ka biya kuɗin jirgi, a yi magana a fili: awa nawa, sanda nawa, wa ke kawo ƙanƙara, akwai lasisi, kuma kifin da aka kama na wane ne. A jirage da yawa kifi na ma'aikatan jirgin ne, baƙo sai yanki ɗaya na abincin dare.

Duba yanayi tun daren jiya

Abu uku ake dubawa a hasashen yanayi: ƙarfin iska, tsayin igiyar ruwa, da tazarar daƙiƙu tsakanin igiya da igiya. Na ukun ne sababbi ke tsallakewa. Igiya mai tsayin mita ɗaya da rabi da ke zuwa duk daƙiƙa 11 ko 12 lallausa ce, jirgi zai hau ya sauka a hankali. Tsayin nan dai, in duk daƙiƙa 5 ko 6 take zuwa, duka za ta yi ta yi wa jirgi, ba mai iya tsayuwa balle ya riƙe sanda. Iskar da ta kai kilomita 28 a awa tana fasa kan igiya ya yi fari ko'ina, ana iya fita amma da wahala. Ta haura 37, ƙaramin jirgi ya zauna a gida. A tuna kuma iska tana ƙara ƙarfi a tsakanin tsibirai biyu saboda matsi, kuma in ta kaɗa gaba da gaba da gudun ruwa, igiya takan miƙe tsaye. Shi ya sa kyaftin mai hankali yakan zagaya bayan tsibiri, ɓangaren da dutse ya tare iska.

Lissafin wata da ake yi a gida yana da amfani a nan. A tsayuwar wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar, cikowa da janyewar teku sun fi ƙarfi, gudun ruwa ma haka. Masu jirgi da yawa suna cewa bayan farin wata kifi ya ƙoshi da dare, cin safe yakan yi sanyi, sai rana ta take.

Jiri da amai ba ragwanci ba ne, ƙarti ma suna kwantawa. A sha maganin jirin tafiya awa ɗaya kafin hawa jirgi, in an bari sai zuciya ta fara tashi ya makara, kuma yana sa barci. A karya da abu marar maiƙo, a tauna citta, a zauna waje ta baya ana kallon inda sama ta haɗu da ruwa, kada a shiga ɗakin jirgi ko a duƙufa kan waya. Kowane mutum lita 3 na ruwan sha, mafi ƙaranci. Babbar riga da jallabiya a bar su a masauki, domin yadi mai yawo yana kama ƙugiya da hannun ril, wato na'urar naɗe zare da ke jikin sanda. Riga mai dogon hannu, malafa mai igiya, tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, da takalmi mai tafin roba, ban da silifas. Ka ga rigar ceto da idonka, ka tabbata akwai rediyon jirgi, tashar neman agaji lamba 16 ce. Man jirgi kuma kashi uku ake yi masa: na tafiya, na dawowa, na ajiya. Alwala ba matsala, ruwan teku mai tsarki ne, kifinsa kuma ba ya buƙatar yanka.

Karatun ruwa

Teku ba ko'ina ke da kifi ba. Mafi yawanta fili ne fayau, kifin yana tare a 'yan wurare.

Fara da launi. Ruwa kore ko mai duhu-duhu na gaɓa ne. Ana neman shuɗi tsantsa, wanda in ka leƙa za ka ga hasken rana yana nitsewa can ƙasa. Zafinsa tsakanin digiri 24 da 28 shi ne abin so ga malin, kifin tuta da dorado. Inda na'ura ta nuna zafi ya sauya da rabin digiri ko ɗaya cikin ɗan taƙi, ruwa biyu ne suka haɗu, sau da yawa za a ga layin kumfa, ciyawa da tarkace a miƙe. A bi gefen layin ta ɓangaren shuɗin. Haka bakin gangare, inda zurfi ya faɗa daga mita 100 zuwa 500 ko fiye, da kan tudun da ke ƙarƙashin ruwa: gudun ruwa yana bugun dutse ya turo abinci sama, ƙananan kifi su taru, manya su biyo.

Sai tsuntsaye. Waɗanda ke zaune kan ruwa sun gama ci. Masu tafiya a miƙe suna nema. Masu shawagi wuri ɗaya suna faɗawa ruwa, ƙarƙashinsu tuna ce ta koro ƙananan kifi sama. Baƙin tsuntsun nan mai dogon fiffike da wutsiya mai rassa biyu, in ka gan shi shi kaɗai yana saukowa ƙasa-ƙasa yana kewaye, babban kifi yake bi, dorado ko malin. Garken dolfin, dabbar teku mai kama da kifi da ke leƙowa ta shaƙi iska, ma a kula da shi, tuna mai rawayan fiffike takan yi tafiya a ƙarƙashinsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kutsa jirgi tsakiyar garke, nan take ya nitse. A lura da inda ya dosa, a zagaya gabansa, yadda zaren ne za su ratsa shi ba jirgin ba.

Duk abin da ke yawo kan ruwa, gungumen itace, tsohuwar ganga, guntun raga, a kewaya shi sau biyu ko uku. Dorado yana son inuwa, wahu kuma, wani dogon kifi mai saurin gudu da kaifin haƙori, yakan tsaya ƙasa da shi.

Kaya, da birkin da komai ya rataya a kansa

Zaren wasan nan aji-aji ne bisa nauyin da ke tsinka shi: kilo 15, 24, 37 da 60. Na 15 ya isa dorado da kifin tuta. Na 24 shi ne na kowa da kowa, ril ɗinsa yana ɗaukar mita 700 zuwa 800. Na 37 da 60 na babban malin ne, da kujerar faɗa ake aiki da su.

A ƙarshen zare ana ninka shi biyu da ƙullin Bimini, a sa ɗan ƙarfe mai juyawa don kada zare ya murɗe, sannan lida, wato kakkauran zaren gaba mai jure gogayya. Na tuna da dorado mai ɗaukar kilo 45 zuwa 70 ya isa, na malin 135 zuwa 180, tsayin mita 4 zuwa 8. Ƙungiyar IGFA, mai ajiye tarihin manyan kamu tun 1939, ba ta yarda lida ta wuce mita 9.14 ba a manyan azuzuwa. Inda wahu ko barakuda, shi ma dogon kifi mai kaifin haƙori, suka yi yawa sai a sa waya kamu biyu ko uku a gaban ƙugiya, domin haƙoransu suna datse roba kamar yadda tsage ke yi wa zare a gulbi. Illar waya ita ce tuna tana ganinta ta ƙi ci, don haka kada a sa wa duk sanduna. Kowane ƙulli a jiƙa shi da yawu kafin a ja, busasshen ƙulli yana ƙona kansa. Lida mai kauri ba a ƙulla ta, matse ta ake yi da ɗan bututun ƙarfe da filaya ta musamman. Kowace safiya a bi mita 10 na ƙarshen zare da yatsu, in an ji kaushi a yanke. Ƙugiya a gwada ta kan farce: in ta zame ba ta kama ba, a wasa.

Yanzu birki. Ril yana da liba a gefe, ita ke ƙayyade ƙarfin da kifi zai ja kafin zare ya fara fita. Ba da hannu ake kintata shi ba, da sikeli ake aunawa, irin na rataye mai ƙugiya.

Sa sanda a mazauninta, zare ya bi ta duk zobban. Tura liba zuwa maɓallin tsakiya, a ja zare da sauri sau biyar ko shida don birkin ya yi ɗumi, domin mai sanyi yana ba da awo na ƙarya. Maƙala sikeli, mutum ɗaya ya ja da tafiya ba fizga ba, a karanta lamba daidai lokacin da zare ya fara fita. Abin da ake so shi ne rubu'i zuwa sulusin ƙarfin zaren: kilo 4 zuwa 5 ga na 15, kilo 6 zuwa 8 ga na 24, kilo 9 zuwa 12 ga na 37. In bai yi ba, a mayar da liba baya gaba ɗaya kafin a murɗa dunƙulen saiti, sannan a sake awo. Murɗa shi liba tana sama yana lalata ril.

Mutum zai ce kilo 7 ya yi kaɗan ga zaren da ke ɗaukar 24. Dalili biyu ne. Ƙulli da gogayya sun riga sun ci wani kaso na ƙarfin. Na biyu kuma, wanda ya fi kayar da mutane: yayin da zare ke fita, naɗin da ya rage a kan faifan ril yana sirancewa, kuma in kaurinsa ya koma rabi, ƙarfin birki ya ninka biyu ba tare da kowa ya taɓa liba ba. Bakwai ya zama 14. Ga kuma nauyin ruwa a kan mita ɗaruruwa na zaren da ya yi baka. Saboda haka in kifi ya kwashi zare mai yawa, sassauta birki ake yi. Zuciya za ta ce a ƙara matsewa don kada zare ya ƙare, a nan ne yake tsinkewa.

Jera zare a bayan jirgi

Ja ake yi, jirgi yana tafiya. Da kifin roba, wato na ƙarya mai ƙugiya da ake yaudarar kifi da shi, gudun kilomita 13 zuwa 17 a awa. Da mataccen kifi da aka ɗinke a ƙugiya, 8 zuwa 11, in an wuce haka cikinsa ya fashe ya riƙa juyawa. Da mai rai, 2 zuwa 4 kawai. Wahu kaɗai ke son gudu, har sama da 22.

Sanda biyar ne tsarin da aka saba. A fara sakin na nesa don kada su harɗe: ta tsakiya can baya, mita 60 zuwa 80. Sai biyu da ake ratayawa a dogayen sandunan da ke buɗewa hagu da dama, ɗaya wajen mita 35 ɗaya 25. Sai biyu na kusurwa, mita 15 da 10. Babban kifin roba mai duhun launi ya zauna kusa, cikin farin kumfar farfela inda inuwarsa za ta fito, ƙanana masu haske su yi nisa. Kowanne a daidaita shi a fuskar igiyar da jirgi ya tayar, wato gangaren da ke kallon jirgi. Kifin roba mai aiki daidai yakan leƙo ya shaƙi iska duk bayan daƙiƙa biyar ko makamancin haka, ya nitse yana jan farin layin kumfa. In yana tsalle yana wuntsilawa, gudu ya yi yawa ko ya hau ƙololuwar igiya, a saki zare kaɗan. In ba ya leƙowa sam, a ɗan naɗo. Ɗan tsinken ciyawa a ƙugiya ya isa ya hana ci, a duba duk rabin awa.

In ril ya yi kuka

Kada ka fizgi sanda. Gudun jirgi ya riga ya soka ƙugiya. Kyaftin ya ci gaba da tafiya daƙiƙa 5 zuwa 10, wannan yana tabbatar da kamun, kuma sau da yawa na biyu yakan ci a wata sanda. Sannan a rage gudu, sauran mutane su naɗe zarurrukan da ba kifi. Mai faɗa ya ɗaura bel ɗin ƙugu, ya zura gindin sanda a kofinsa. Muddin kifi yana gudu, riƙewa kawai ake yi, naɗi a lokacin ɓata ƙarfi ne.

In da kifi na gaske ake ja, da ƙugiya mai lanƙwasa ciki irin ta da'ira, tsarin daban ne. A saki birki kifin ya tafi da shi, a ƙirga biyar, sannan a tura liba sama sannu a hankali. Ƙugiyar da kanta za ta zamo ta kama kusurwar baki. Fizga tana zaro ta ne fes.

Da kifi ya tsaya sai a fara: ɗaga sanda a hankali da ƙafa da ƙugu, ba da baya ba, sauke ta kana naɗi biyu ko uku. Kada a ɗaga ta ta wuce kafaɗa sosai, can ne take karyewa. Yatsun hagu su riƙa baza zare dama da hagu a kan faifai, in ya taru wuri ɗaya zai cije jikin ril a daidai lokacin da kifi ya iso. Kada zare ya yi sako-sako ko na daƙiƙa ɗaya, musamman in kifi ya juyo yana gudu wajen jirgi, naɗa da duk saurinka, kyaftin ya ƙara wuta.

Daga ja ana gane mai ja. Wahu gudu ɗaya yake yi mai tsanani, sai ya yi laushi. Dorado, kilo 5 zuwa 15 yawanci, tsalle yake ta yi, kuma in an bar ɗaya a ruwa da ƙugiya a baki 'yan uwansa ba sa watsewa, a jefa musu yankakken kifi a kama na biyu da na uku. Tuna nitsewa take ta kwanta a gefe tana kewaye a ƙarƙashin jirgi, a ci zare lokacin da kewayen ya juyo wajenka, a riƙe in ya juya waje. Kada ka huta, in ka huta ita ma ta huta, kuma jan lokaci yana gayyato shak, babban kifi mai cin nama, ya bar maka kan kifin kawai.

A gefen jirgi

Nan ake jin rauni. Mai kama lida ya sa safar hannu mai kauri, ya yi naɗin da zai zube da zarar ya buɗe tafi. Lidar da ya jawo ya zubar da ita cikin ruwa, kada ta taru a ƙafarsa. Mai sanda ya sassauta birki ya tsaya a shirye, domin kifi yakan sake zabura in ya ga jirgi. Jirgi ya ci gaba da tafiya a hankali. Babbar ƙugiya mai ƙota a soka ta bayan kai, daga bayan lida, a ɗago da ja ɗaya. Wahu a nufi kansa nesa da ƙafafu, dorado a wuce da shi akwati kai tsaye a rufe, domin yana buge-buge da ƙugiya a baki.

Malin da kifin tuta saki ake yi a yawancin wuraren nan, kuma muna goyon bayan haka: manyan malin duk mata ne masu ƙwai. Kada a ɗago shi don hoto. A riƙe dogon bakin da safa kansa yana cikin ruwa, a cire ƙugiya ko a yanke lida kusa da ita, jirgi ya ja shi a hankali har launinsa ya dawo ya fara kaɗa wutsiya.

Jini, ƙanƙara da guba

Jikin tuna ya fi ruwan da take ciki ɗumi, faɗa kuma yana ƙara masa zafi. A soki ƙwaƙwalwa ta ɗan taushin da ke saman kai tsakanin idanu. A yi yanka mai zurfin santimita 2 a bayan fiffiken ƙirji, hagu da dama, a bar jini ya tsiyaye minti 5 zuwa 10 ana kwara ruwan teku. A cire kayan ciki da jan naman numfashi, a cusa ƙanƙara a ciki, a nitsar da kifin cikin kwaɓin ƙanƙara kashi biyu da ruwan teku kashi ɗaya. A yi lissafin kilo ɗaya na ƙanƙara ga kowane kilo na kifi, burin shi ne tsakiyar naman ya sauka ƙasa da digiri 4.

Dalilin wannan gaggawa: tuna, wahu da dorado in suka daɗe a zafi, ƙwayoyin cuta suna mayar da wani sinadarin namansu histamin. Kifin ba lalle ya yi wari ba. Suya ba ta kashe shi, banda ba ta kashe shi, daskarewa ma haka. Mai ci zai ji yaji-yaji a baki, cikin mintuna zuwa awa ɗaya fuska ta yi ja, ƙaiƙayi, ciwon kai da bugun zuciya su biyo. In numfashi ya fara wuya, asibiti nan take.

Akwai wata gubar da ƙanƙara ba ta maganinta, sigwatera. Daga ƙananan tsirran da ke rayuwa a kan murjani, wato duwatsun da ƙananan halittu ke ginawa a teku, take hawa har ta taru a jikin manyan masu farauta na bakin tsibiri, musamman babbar barakuda, kuma ta fi yawa a Karebiyan, Pasifik da sassan Tekun Indiya. Wuta ba ta karya ta. Alamarta gudawa da amai, tsikari a leɓe da yatsu, da jin abu mai sanyi yana ƙuna. Kifin da 'yan tsibirin suka ce ba sa ci daga wuri kaza, kai ma ka bar shi, kuma kada a ci hanta, ƙwai ko kan babban kifin murjani ko da naman an ce lafiya.